Ranar da Magaji Tunau Ya Zuba Wutarsa

A zamanin da ƙasar Warwaɗa ba ta san sarki ɗaya ba, garuruwa huɗu ne a cikinta, kowanne da ganuwarsa da alƙalinsa da mayaƙansa. Birnin Zankarau shi ne babba, mai kasuwa da rumbuna. Mashaya na bakin kogi, Tudun Maƙera kuwa sunansa ya faɗi sana'arsa. Can gabas a bakin iyaka Kwarin Marke yake, ƙaramin gari na maharba masu taurin kai, waɗanda ba su saba durƙusa wa kowa ba in ba iyayensu ba.

Wata tsohuwar al'ada ce ta ɗaure su wuri ɗaya. Kowane gari yana da murhun kakanni, wanda ba a bari wutarsa ta mutu. In babbar magana ta taso, shugaban kowane gari zai ɗebo garwashi a tukunya ya kawo Filin Murhu, wani tudu a tsakiyar ƙasar, inda mai ido yake hango dutsen Kwarin Marke in gari ya yi wasai. Can ake jera tukwanen a gaban Uwar Wuta, tsohuwar da ke tsaron filin. Da an jera su, duk wani makami, daga takobin sarki har askar wanzami, sai a tara a rumbunta a liƙe bakinsa da laka. Ba a fasa rumbun sai da ɗayan biyu: ko shugabannin duka su zuba wutarsu a babban murhu, an yarda ke nan, ko kuwa duka su ɗaga tukwanensu tare, an watse ba a yarda ba. Mutum ɗaya ya ƙi zubawa, ba yarda. Mutum ɗaya ya ƙi ɗagawa, ba tafiya. Wanda kuwa ya taɓa ƙarfe kafin haka, ruwa za a kwarara wa wutar garinsa, garin ya zama ba na kowa ba, duk mai so ya ci shi.

To, a shekarar da nake ba ku labarinta, Galadima Jatau na Zankarau ne ya kira taron. Mutum ne mai laushin murya, ba a taɓa jin ya daka wa ko bawa tsawa ba, kuma wallahi irinsu su ne abin tsoro. Ya zo da abin da ya kira Tsarin Murhu Ɗaya. Sanƙira ya miƙe ya zayyana shi da babbar murya: za a naɗa Sarki Barmo na Zankarau sarkin garuruwan huɗu, mayaƙan kowa su zama runduna ɗaya a hannunsa, kuma duk mayaƙin da ya bar inda aka tsayar da shi ba izini, kansa ne. Shari'ar da ta yi nauyi a kai ta Zankarau. Murhunan kakanni a kashe su, kowane gari ya riƙa karɓar wuta daga murhun sarki.

Sanƙira bai gama rufe baki ba sai wata shamuwa da ta yi sheƙa a kan tsamiyar filin ta jefo ɗanta matacce, ya faɗo tim a tsakanin tukwanen. Uwar Wuta Kyallu ta dube shi, ta dubi sama. Mutane suka riƙa kallon juna. Galadima ya yi murmushi ya sa aka ɗauke.

Ya gyara rawaninsa ya ce, "Allah ya taimaki sarakuna, Allah ya ja zamanin Uwa. Ba sabon abu na kawo ba, tsohon ciwo na zo mu yi wa magani. Kun tuna shekarar da Tungurawa suka haye kogi suka ƙone gonakin Mashaya. Ina muke? Nan muke zaune, muna gardamar wanda zai ja gaba da wanda zai ba da guzuri. Kafin mu gama, matan Mashaya na tsintar ƙasusuwan mazansu. Sarkin Mashaya ga shi nan, in ƙarya nake yi ya faɗa. Abokin gaba yana da kai ɗaya, mu muna da huɗu, kowanne na kallon gabansa. Ban ce a ƙwace wa kowa gari ba. Cewa na yi a sami mutum ɗaya da zai ce a tashi, a tashi."

Sarkin Mashaya ya sunkuyar da kai, ya tura tukunyarsa bakin murhu. Sarkin Tudun Maƙera ya bi shi. Ta Zankarau dama tun farko tana can. Saura ɗaya.

Magaji Tunau na Kwarin Marke bai motsa ba. Tsoho ne siriri, mai kaifin baki, wanda ya fi shekara talatin yana riƙe da iyakar gabas. Da hannunsa yake ciyar da wutar tukunyarsa da gawayin marke, ba ya bari kowa ya taɓa ta. Ya zo taron da maharban garinsa kusan duka, don a san Kwarin Marke ba ƙauye ba ne, ya bar wa ɗansa Ciroma Bagudu tsofaffi da mata da samari ƙalilan. Ya jefa gawayi ɗaya a tukunyar, ya hura, sannan ya ɗago.

"Galadima, ka iya magana, Allah ya ba ka. Na saurari sanƙira har ƙarshe. Na ji duk abin da sarki zai iya yi mana. Abin da ba zai iya yi mana ba, shi ne ban ji ba. Ko kunnena ne ya tsufa?"

Aka yi 'yar dariya a bayan fage.

Ya ci gaba, "Ban raina Sarki Barmo ba, na san ubansa, mutumin kirki ne. Amma ba Barmo kaɗai za mu naɗa ba, har jikansa za mu naɗa, wanda ba mu san halinsa ba. Kai a Zankarau kake kwana. Mu a bakin Tungurawa muke kwana. Ranar da sarki ya zauna a soronsa ya auna ƙasa duka, ya ga Kwarin Marke ɗan ƙaramin wuri ne can gefe, wa zai hana shi cewa a bar shi? Yau in na kira maharbana, ni na kira su, ga uwayensu a bayan ganuwa. Gobe sai na aika Zankarau neman izinin tsare ƙofar gidana. Haba! In dai da gaske kuke, a sa a cikin tsarin, sanƙira ya faɗa kowa ya ji: ba a ɗauke mazan gari daga ganuwarsu in abokin gaba na bakin ƙofa, kuma ba a kashe ɗan gari sai alƙalin garinsa ya saurare shi. A faɗi wannan, in yi tunani."

Galadima ya buɗe hannuwa kamar wanda aka zalunta. "Magaji, ranka ya daɗe, wane sarki ne zai yi haka? Ai faɗarsa ma cin fuska ne ga Zaki. A zuba wuta tukuna, abin da ya rage a ƙara daga baya cikin natsuwa."

"Daga baya wa zai ƙara? Wanda muka miƙa wa takobi ne zai dawo ya roƙe mu mu ɗaure masa hannu?"

Kai, ranar Tunau ya yi magana! Kwanaki aka yi ana fafatawa, kullum Galadima ya kawo hujja, tsohon nan ya kwance ta zare-zare. Har wata safiya Sarkin Tudun Maƙera ya miƙa hannu ya jawo tukunyarsa baya, ya ce shi ma sai an faɗi abin da sarki ba zai taɓa ba. Maharban Kwarin Marke suka ɓarke da sowa.

A ranar ne da hantsi wani dogari ya zo daga Zankarau ya yi wa Galadima raɗa. Galadima ya saurara, fuskarsa ba ta canja ba. Da aka koma zama sai ya miƙe ya ce, cikin ladabi, tunda zukata ba su haɗu ba, ga kuma damina ta kawo kai, a ɗaga tukwane kowa ya koma gida, a sake haɗuwa bayan kaka.

Sarkin Baka Ɗangwai, shugaban maharban Kwarin Marke, ya matso kusa da ubangidansa. Ƙato ne mai ƙarancin magana, tare suka yi yaƙe-yaƙe da Tunau tun yana saurayi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga mu tafi. Kogi bai cika ba tukuna, ana haye shi da ƙafa. Raina bai kwanta ba."

Amma Tunau ya ɗanɗani nasara, kuma nasara tana sa tsoho ma ya yi wauta. Ya san in aka watse haka, Galadima zai shafe damina yana bin Sarkin Tudun Maƙera da kyauta da daɗin baki. Ya ɗora tafinsa a kan murfin tukunyarsa ya ce da ƙarfi, "Ba na ɗagawa. Ba wanda zai bar filin nan sai an gama maganar nan, ko ta mutu ko ta rayu. Uwa, ki zama shaida."

Uwar Wuta ta ce, "Na shaida."

Galadima ya sunkuya ya ce, "Yadda Magaji ya so." Ya zauna yana gyara bakin rigarsa. Ashe abin da yake jira ke nan.

Ba a daɗe ba, wata ranar da azahar, sai ga mutum ya hauro tudun yana tangaɗi. Barde Wakaso ne, manzon Kwarin Marke. Ƙafafunsa sun tsage, wuyan hannuwansa duk sawun igiya. Ya zube gaban Tunau yana haki.

"Ranka ya daɗe, Tungurawa sun haye. Ba hari ba ne, runduna ce, har da tsani da masu haƙa gindin ganuwa. Ciroma ya rufe ƙofofi, ya ce in gaya maka kibau sun yi kaɗan, masu harba su sun fi kaɗan. Da tuni na iso, amma a ƙofar Zankarau aka tare ni. Na faɗa musu abin da ke tafe da ni, suka ce ni baƙon Galadima ne, sai na huta. Da igiya suka hutar da ni. Yau da safe suka kwance ni, suka nuna mini hanya."

Tunau ya juya ya dubi Galadima, ya daɗe yana dubansa. Galadima ya girgiza kai cikin jimami ya ce lallai za a hukunta masu tsaron ƙofar nan, wannan rashin hankali ne.

Tunau ya miƙe, ya rungumi tukunyarsa. "Sarakuna, kun ji. A ɗaga. A fasa rumbu. Maganar tsari ta jira."

Sarkin Tudun Maƙera ya kai hannu ga tasa. Sarkin Mashaya ya dubi Sarkin Zankarau. Sarki Barmo kuwa, wanda tun fara taron bai yi magana ba sai ta bakin Galadimansa, ya naɗe hannuwansa cikin alkyabba.

Galadima ya ce, "Allah ya taimaki Magaji, ni na nemi a ɗaga, kai ka hana. Ka ce ba wanda zai bar filin nan sai maganar ta mutu ko ta rayu, Uwa ta shaida. Zaki ya girmama maganarka, ya ɗauke ta tasa. Zankarau ba ta ɗagawa."

"Jatau, mutane ne a can! Mata ne da yara!"

"Shi ya sa nake roƙonka ka hanzarta. Hanya ɗaya ta rage, ga ta nan gabanka." Ya nuna babban murhu.

Tunau ya juya ga tsohuwar. "Uwa, ranki ya daɗe, kin ga abin da ake yi. Ki fasa rumbun."

Idanun Kyallu sun cika da hawaye, amma ta ce, "Tunau, tun kana goye na san ka. Ka shafe kwanakin nan kana kare abin da kakanni suka bari, to, wannan ma su suka bar shi. Ba su bar mini ƙofar da zan fitar da kai ta ciki ba."

Ɗangwai ya ja ubangidansa gefe. "Rumbun nan laka ce kawai. Da ƙafa ɗaya zan rushe shi. Mu ɗebi bakunanmu mu tafi, mu kaɗai mun isa mu riƙe ganuwa har kogi ya cika."

"Su kwarara wa wutarmu ruwa? Mu kori Tungurawa ta gabas, Zankarau ta shigo ta yamma da hujja a hannunta?"

"Wannan gobe ce, ranka ya daɗe. Ni ta yau nake yi. Matata na can da ciki."

Tunau ya rufe ido. Ni dai a ganina da ya bi maganar Ɗangwai, amma mai ba da labari a inuwa yake zaune. Tsohon nan duk rayuwarsa al'adar filin ce garkuwarsa, hannunsa ya kasa ɗaguwa a kanta. Kuma ya yi lissafin cewa rundunar garuruwa huɗu ta fi maharban gari ɗaya. Sai ya wuce Galadima kamar bai gan shi ba, ya je gaban Sarki Barmo. Mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba ya kai gwiwoyinsa ƙasa, maharbansa suka kawar da kai don kada su gani.

"Zaki, da bakinka nake so in ji, ba da na Galadima ba. In na zuba, za ka kai runduna Kwarin Marke?"

Barmo ya dubi tsohon, kuma na yarda a wannan lokacin har zuciyarsa yake nufi. Ya ce, "Baba, tashi. Na yi maka alkawari, ni Sarkin Zankarau, za a kai runduna Kwarin Marke."

Sarkin Tudun Maƙera, da ya ga an bar shi shi kaɗai, ya tura tasa gaba ba tare da ya dubi kowa ba. Uwar Wuta ta ɗaga sandarta. Tukwane huɗu suka karkata, garwashi ya zuba ya haɗu, ba mai iya cewa ga na wane. Tambura suka ɗauka, aka busa kakaki, aka yafa wa Barmo sabuwar alkyabba, sanƙira ya yi shelar Sarkin Warwaɗa duka. Tunau na tsaye da tukunya wayam a hannu, yana kallon rumbu kawai.

Aka fasa rumbun. Amma maimakon kowa ya ɗauki nasa yadda aka saba, sai dogaran Zankarau suka kewaye shi, aka ce yanzu makamai na sarki ne, Madawaki zai raba. Sarki ya shiga rumfa da Galadima da Madawaki don shawarar yaƙi. Tunau ya bi su, dogari ya gitta masa sanda, ya ce shawarar ta fadawan sarki ce. Ya tsaya a rana kamar mai neman bara, inuwa na tsawo, kowane numfashi yana jin kamar ana sare masa ɗan gari.

Da suka fito, Galadima ne ya yi magana. Ya ce an auna, an ga Kwarin Marke ya yi nisa, runduna ba ta haɗu ba tukuna, in aka kai ta can a gajiye za a rasa ta, a rasa ƙasa duka. Don haka sarki ya yi umarni a tsare mashigin Mashaya, inda hanyar Zankarau take. Kuma tunda ba maharba kamar na Kwarin Marke, su aka zaɓa su tsaya a gaba, wannan girmamawa ce.

Tunau ya yi kukan kura ya kai ga sarki. "Ka yi mini alkawari! Gaban Uwa, gaban sarakuna!"

Barmo bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce, "Sarkin Zankarau ne ya yi maka alkawari, baba, yana da gari ɗaya da zai duba. Yanzu garuruwa huɗu ne a wuyana. Ba zan ba da uku don ɗaya ba."

"Ai abin da na faɗa ke nan," in ji Tunau. "Abin da na faɗa ke nan tun ranar farko."

Ɗangwai bai tsaya jin sauran ba. An riga an miƙa masa bakansa da kwarinsa. Ya rataya, ya juya gabas, ya ce da maharba, "Mai uwa a Kwarin Marke ya biyo ni." Bai yi nisa ba dogarai suka rufe shi ta ko'ina. Ya karya wa ɗaya muƙamuƙi da gwiwar hannu, amma sun fi shi yawa, suka danne shi suka ɗaure. Sauran maharban suka tarar an ba su bakuna, kibau kuwa an ce sai a Mashaya.

Galadima ya sa sanƙira ya maimaita wurin da tsarin ya ce mayaƙin da ya bar matsayinsa ba izini, kansa ne. Tunau ya ce a kai shi gaban alƙalin garinsa. Galadima ya tuna masa a hankali cewa wannan yana cikin abubuwan da aka ce za a ƙara daga baya. A nan bakin murhun, inda garwashin Kwarin Marke ke ci tare da na sauran, aka durƙusar da Ɗangwai. Bai roƙi kowa ba. Ya dubi Tunau kawai ya ce, "Da ka bar ni na rushe rumbun, ranka ya daɗe." Hauni, mai sare kai, ya sauke takobi. Shi ne mutum na farko da aka kashe da sabon tsari, kuma wutar garinsa na cikin waɗanda suka halatta shi.

A Kwarin Marke kuwa, Ciroma Bagudu ya yi abin da namiji zai yi. Ya jera tsofaffin maharba a kan ganuwa, waɗanda idanunsu suka raunana amma hannunsu bai manta ba. Mata suka tafasa kunun kanwa da man gyaɗa suna kwarara wa masu hawa tsani. Da kibau suka ƙare aka koma ga duwatsun niƙa da taɓarya. Harin farko aka kore shi, na biyu ma haka, gawawwakin Tungurawa suka cika ramin ganuwa har na bayansu na takawa. Ciroma ya sa mutum a kan dutse yana kallon hanyar yamma, duk sa'ad da ya wuce sai ya ɗaga kai ya tambaya, a ce masa ba kowa. Ya riƙa ce wa mutane, "Ku daure, Baba na tafe, ba zai bar mu ba." Har masu haƙa suka rusa kusurwar ganuwa ta kudu yana faɗar haka. A bakin ɗakin murhun kakanni aka kashe shi, da sandar turmi a hannunsa. Tungurawa suka kora waɗanda suka rage da igiya a wuya, suka cinna wa garin wuta daga ƙofa zuwa ƙofa.

A Filin Murhu ana ta shagalin sabuwar sarauta, ana shirin tura runduna Mashaya. Ranar da za a watse, gari ya waye tas bayan ruwan sama, kowa ya ga baƙin hayaƙi ya tokare sama daga bayan dutsen gabas. Maharban Kwarin Marke suka tsaya cirko-cirko a cikin sahu, dogarai kewaye da su, wasu na kuka kamar yara, ba wanda ya isa ya fita daga layi.

Saura al'ada ɗaya ta sabon tsarin: kowane shugaba ya karɓi wutar sarki ya kai garinsa. Sarkin Mashaya ya karɓa ya yi godiya. Sarkin Tudun Maƙera ma ya karɓa. Galadima da kansa ya ɗauki tukunyar Tunau, ya cika ta da garwashi mai kyau, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Magaji, Zaki ya tabbatar da kai a kan sarautarka. Ga wutar sarki, ka kai wa mutanenka."

Tunau ya dubi hayaƙin, ya dubi tukunyar. A 'yan kwanakin nan ya tsufa har ba a gane shi. Ya ce, "Bar ta, Jatau. Kwarin Marke ya sami wutar da ta ishe shi."

Galadima ya rage murya, kamar mai ba aboki shawara. "Ranka ya daɗe, ka yi hattara. Shugaban da ya ƙi wutar sarki, ko ya bari ta mutu a hannunsa, ya yi tawaye. Kuma in shugaba ya yi tawaye, mutanensa 'yan tawaye ne." Ya ɗan karkata kai wajen sahun maharban. "Su kaɗai suka rage maka. Ni ba na so Hauni ya gaji."

Tunau ya dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya san sunan kowa, ya san uwar kowa. Sai ya durƙusa karo na biyu, ya karɓi tukunyar.

Galadima ya ce, "Ba ka yi godiya ba."

"Godiya nake. Allah ya ja zamanin sarki."

Aka buga tambari, aka kora maharban yamma zuwa Mashaya. Magaji Tunau ya gangara tudun shi kaɗai ya nufi gabas, wajen hayaƙin, da tukunya a ƙirjinsa tana ƙona shi. Ba kowa a can da zai miƙa wa. Amma duk 'yar tafiya kaɗan sai a ga ya tsaya, ya buɗe murfin, ya sunkuya yana hura garwashin a hankali, don kada wutar ta mutu.